Wa ya taɓa hutu a ƙaramin gari na bakin teku mai kurmi?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da maigida muna shirin kai yara hutu wani ƙaramin gari na bakin teku, inda babu cunkoso, ga rairayi ga kurmi a bayan gari. Wanda ya taɓa zuwa irin wannan wuri, don Allah ya faɗa mana abin da ya tarar.

Matafiyi: Wa alaikumus salam Hajiya. Da kun sauka ku tambayi lokacin cikar ruwa da na janyewarsa. Inda na je, da safe mun yi tafiya mai nisa a kan rairayi, bayan azahar wurin nan duk ya koma ƙarƙashin ruwa. A yawancin gaɓoɓi ruwan yana cika sau 2 cikin yini da dare, tsakanin cika da janyewa kimanin awa 6, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Hanyar da ta bi gindin duwatsu ita ce abin tsoro, don ruwa yana iya datse ta bayan mutum ya wuce.

Malamar Firamare: Ba ko'ina ba ne, Malam. Ni a gaɓar Bahar Rum na yi hutu, can da ƙyar za ka lura da bambancin. Abin da ya burge ni iska ce. Da rana tana busowa daga teku saboda ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, da dare sai ta juya. Ki riƙe wa yara rigar sanyi.

Baban Yara: Hajiya, shirun nan yana da daɗi, amma ki sani galibi babu masu ceto a irin waɗannan wurare. Wani masunci ne ya hana ɗana shiga wani wuri da ya ga ruwan ya lafa, ya yi duhu, tsakanin raƙuman ruwa. Ashe nan ne ruwa ke komawa teku da ƙarfi. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawa da shi, ya yi iyo a gicciye, ya bi tsawon gaɓa har ya fita, sannan ya nufo tudu. Har yau ina yi wa bawan Allahn nan addu'a.

Mai Kamara: Ni kurmin ne ya tafi da hankalina. Mun shiga da kwalekwale cikin bishiyoyin da ke tsirowa a ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje, ƙaguwa na ta yawo a taɓo. Sauro kam da yamma sai a hankali, ku tafi da maganinsa da riguna masu dogon hannu. Idan kunkurun teku na yin ƙwai a wurin, kada ku haska tocila da dare. 'Ya'yan suna bin haske ne su gane teku, fitila tana ɓatar da su.

Uwar Biyu: Allah ya saka da alheri. Rigar ceto ta yara fa, za mu samu a can?

Baban Yara: Ku taho da taku, daidai jikinsu. Inda muka sauka ta manya kawai muka samu, kuma yaro yana iya sulɓewa daga cikinta.