Na'urar kaset a cikin kayan sautin gida: a bar ta ko a cire?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum jama'a. Jiya ina sake jera kayan sauti na falo, sai idona ya tsaya a kan tsohuwar na'urar kaset da ke zaune tsakanin amfilifaya da na'urar CD. Rabon da a kunna ta an fi shekara biyar. Ra'ayina a fili yake: duk wanda ke ajiye da wannan na'ura a yau, kewar zamanin da ce kawai ta riƙe shi. Babu abin da take yi da wayar hannu ba ta fi ta iyawa ba. Ta cinye wuri, ta tara ƙura. Zan cire ta. Mai ganin akasin haka ya kawo hujja.

Mai Kunne: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi wa kaset hukunci da abin da ka ji daga ƙaramar rikoda mai batir. Ka taɓa sauraron babbar na'urar kaset ɗin nan Nakamichi Dragon, wadda ta fito a 1982, an sa mata kaset mai zaren da aka shafa wa garin ƙarfe? Akwai wani taushi a muryar mawaƙi da ba na samu a waya. Kunne ba ya gajiya ko da an yi awa uku ana ji.

Injiniya: Yaya, ina girmama kunnenka, amma bari mu faɗi abin da ke cikin akwatin. Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, ƙarƙashin jagorancin Lou Ottens, kuma abin da suka sa a gaba shi ne ƙanƙanta da sauƙin ɗauka. Faɗin zaren milimita 3.81 ne, yana tafiyar santimita 4.76 kacal a daƙiƙa, kuma a kan wannan siririn zare ake shimfiɗa layuka huɗu na sauti, biyu a kowane gefe. Shi ya sa "shuuu" ɗin nan ba ya rabuwa da shi, har aka kawo Dolby B a 1968 don ya rage shi da kimanin desibel 10. Taushin da kake ji kuwa, siraran sautuka ne suka ɗan dushe, zaren kuma yana danne sautin da ya yi ƙarfi. Yana da daɗi, ban musa ba. Amma ragi ne daga abin da aka ɗauka.

Mai Kunne: To idan ragin ya fi min daɗi fa? Don kunnena na sayi kayan, ba don na'urar awo ba.

Injiniya: Wannan haƙƙinka ne. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce kaset ya fi CD fitar da sauti yadda aka ɗauke shi.

Uwar Biyu: Ku yi haƙuri in shigo, don duk kun tsaya a kan waƙa. Ina da kaset goma sha ɗaya a cikin kwali. Bakwai waƙoƙi ne da zan iya samu a intanet yanzun nan. Sauran huɗun muryar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, yana hira da mu muna yara, muna ta katse shi da surutu. Babu kwafinsu a ko'ina a duniya. Ɗan Auta, ka ce waya ta fi na'urar iya komai. Wace waya ce za ta buɗe min wannan kwalin? 'Ya'yana ba su taɓa jin muryar kakansu ba. A daren nan ma nake son in sa musu ɗaya.

Baba Mai Gyara: Amin, Allah ya yi masa rahama. Amma 'yata, don Allah ki dakata, kada ki sa kaset ɗin nan a daren nan. Yaushe rabon da a kunna na'urar taki?

Uwar Biyu: Zai kai shekara takwas, Baba.

Baba Mai Gyara: To kin ji inda haɗarin yake. Na daɗe ina buɗe cikin waɗannan na'urori, kuma zama ya fi aiki kashe su. Bel ɗin roba da ke juya injin yakan saki, wani ma ya narke ya zama baƙin danƙo kamar kwalta. Akwai 'yar tayar roba da ke matse zaren a jikin sandar ƙarfe mai juyawa. Idan ta bushe ko ta yi santsi, sai zaren ya kauce ya naɗe a ciki. Abin da ake cewa na'ura ta ci kaset ke nan. Waƙa idan an ci, a nemo wata. Muryar mahaifinki idan ta tattaune, wurin ya tafi ke nan.

Ga yadda za ki yi. A canza bel tukuna. A goge hed, wato ɗan ƙarfen da ke karanta sautin da ke kan zaren, da kuma sandar, da auduga da sifirit, a bari su bushe. Ki gwada da ɗaya daga cikin kaset bakwai ɗin, tun daga farko har ƙarshe, gefe biyu. Sai kin ga ya fito lafiya, sannan ki ɗauko na mahaifinki. Shi ma ki duba ɗan soson da ke bayan zaren a tsakiyar bakin kaset, don gam ɗinsa yakan saki da tsufa, kuma idan ya faɗi sauti ba zai fito da kyau ba. Idan zaren ya yi sako-sako, ki sa biro a ramin kaset ɗin ki juya a hankali har ya tsuke. Kuma karon farko da za ki kunna, ya zama an riga an jona na'urar da kwamfuta ana ɗauka.

Ɗan Auta: Yaya, Allah ya jiƙan Baba, maganarki ta taɓa ni. Amma ku lura, shawarar Baba Mai Gyara ta ƙare ne a kan kwamfuta. Wato na'urar gada ce: a haye, a kwashe abin da ke cikin kaset, shi ke nan. Bayan haka me za ta zauna yi a falo? In buƙata ta sake tasowa, ai har yanzu ana ƙera sababbi.

Baba Mai Gyara: Ana ƙerawa, ɗana, amma ka bincika kafin ka yar da ta hannu. Kamfanin Dolby ya daina ba da lasisin tsarinsa na kaset, don haka sababbin ba su zuwa da Dolby na ainihi. Injin cikinsu kuma mai sauƙi ne, bai kai na manyan na'urorin shekarun 1980 daidaiton gudu ba, za ka ji sautin yana ɗan rawa musamman a kan dogon amo. Tsohuwa mai kyau da aka yi wa gyara ta fi yawancinsu.

Injiniya: A nan ina tare da Baba. Kuma kwafin kwamfuta ma ba a gama shi a zama ɗaya. Sau da yawa sai daga baya mutum ya gane kusurwar hed ɗin ba ta dace da ta rikodar da aka yi ɗaukar da ita ba, muryar ta fito a dushe, dole a daidaita a sake. Wanda ya rabu da na'urarsa ya rufe wa kansa wannan ƙofar.

Mai Kunne: Akwai kuma abin da ba ku ambata ba. Kaset C90 minti 45 ne kowane gefe. Idan na sa, zama nake yi in ji har ya ƙare in tashi in juya. A waya ba na kai minti biyu ban tsallake ba. Ɗan Auta ya kira wannan kewa, na karɓa, ban ga aibin kewa ba. Ni dai duk mako ina kunna tawa.

Ɗan Auta: Kai kana kunnawa, Yaya. Tawa shekara biyar tana kallona. Har yanzu ina ganin wanda ba shi da kaset irin na Uwar Biyu, kuma ba ya saurare kamar kai, ado kawai ya ajiye. Sai dai na fasa jefarwa. Zan nemi wanda zai yi amfani da ita in ba shi.

Uwar Biyu: Baba, tambaya ɗaya ta rage min. Ina tsoron yaran su danna jan maɓallin ɗauka bisa kuskure su goge muryar.

Baba Mai Gyara: Ki duba saman kowane kaset, akwai 'yan harsunan roba biyu, ɗaya a kowace kusurwa. Ki ɓalle su duka biyun. Muddin ramukan suna buɗe, na'urar ba za ta yarda ta yi ɗauka a kansa ba. Ki yi wannan yau, tun kafin a kai na'urar gyara.