Ina kuke zama idan kun gaji a tsakiyar birni?

Mai Yawon Ofisoshi:
Assalamu alaikum jama'a. Mutum ya shiga tsakiyar birni, ya gama abin da ya kai shi, ko yana jiran lokacin wata ganawa, ƙafa ta gaji, rana ta take. Ina zai zauna ba tare da ya sayi wani abu ba? Aikina na kai takardu ne daga wannan ofis zuwa wancan, kuma manyan lambunan shaƙatawa ba sa yi mini amfani, don suna can gefen gari, sai ka ware musu yini. Abin da ke cetona shi ne 'yan ƙananan wuraren nan da ake matsawa tsakanin gine-gine, benci biyu da bishiya. Wanda ya taɓa samun irinsu, ko ya nema ya rasa, ya ba mu labari. Me ya zaunar da kai, me ya kore ka?

Ɗalibin Tsara Birane:
Wa alaikumus salam. Lokacin da nake karatu a Amurka na riƙa zuwa Paley Park, a titi na 53 a Manhattan, cikin birnin New York. William Paley, shugaban kamfanin rediyo da talabijin na CBS, shi ya gina shi don tunawa da mahaifinsa, aka buɗe a 1967. Girmansa gaba ɗaya murabba'in mita 390 ne, gine-gine sun rufe shi ta ɓangare uku, ƙofarsa tana kallon titi. A bangon ƙurya ruwa ne ke kwararowa daga tsayin mita 6. Kana shiga ƙarar ruwan za ta danne ta motoci, kuma ba ta gajiyar da kunne. Har ma tana rufa wa mutane asiri, don sai ka yi hira da abokinka na kusa da ku bai ji ba.

Amma abin da ya fi riƙe ni shi ne kujerun. Ba a kafe su a ƙasa ba. In kana son rana ka ja taka, in inuwa kake so ka koma ƙarƙashin bishiya, in ku uku ne ku haɗa su. Wani mai nazarin birane, William Whyte, ya kafa kyamarori a dandalolin New York a shekarun 1970 yana kallon yadda mutane ke amfani da su. Ya gano cewa wuraren da suka cika su ne masu isasshen wurin zama, kuma mutum kan ɗan matsar da kujera kafin ya zauna, ko da taƙi ɗaya ne. Na zauna na kalla da idona, haka ake yi.

Uwar Tagwaye:
Ƙanena, ruwan nan naka na ji daɗinsa, amma mai yara ba shi take fara dubawa ba. Ni da na iso wuri, idona yana kan abin da ke tsakanin yarana da titi. In babu ɗan shinge ko shuke-shuke da za su tsayar da yaro mai gudu, ba hutu na zo yi ba, gadi na zo yi. Akwai wani da aka kashe wa kuɗi sosai kusa da inda nake zuwa awo, duwatsu masu sheƙi, furanni a jere. Matakala ce ta tare ni da keken jarirai, babu gangare ko ɗaya. Wata baiwar Allah ta taimaka muka ɗaga keken, muka shiga, sai ga bencuna na ƙarfe a tsakiyar rana, ba a iya ko taɓa su. Fita muka yi. Wanda na saba zuwa yanzu ba shi da wani ado, amma ƙasarsa daidai take da hanya, bishiyoyinsa manya ne, kuma akwai ban-ɗaki a kusa. Don Allah masu tsarawa su daina mantawa da ban-ɗaki.

Dattijo Mai Sanda:
Allah ya yi miki albarka 'yata, kin faɗi rabin abin da ke bakina. Ni gwiwoyina ne ke yanke mini nisan da zan je. Kafin in fita sai na lissafa inda zan zauna a hanya, in babu, na fasa fitar. Dakali marar majingina ba ya yi mini, kuma in benci ba shi da hannu da zan dafa, zama yana da sauƙi, tashi ne aiki. Kuma ku sani, mu tsofaffi ba shiru muke nema ba, shiru ya ishe mu a gida. Mutane muke son gani suna wucewa. A juya mini benci ya kalli hanya.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ni a Landan nake aiki, kuma wurare biyu ne suke riƙe ni idan na tashi daga aikin dare kaina ya yi nauyi. Ɗaya St Dunstan in the East, tsohuwar coci da bam ya rusa a 1941 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ba a sake gina ta ba, aka bar bangayen a tsaye aka mayar da cikin lambu, aka buɗe wa jama'a a 1971. Ganye ya hau tagogin, ofisoshi sun kewaye shi, amma ciki iska daban. Ɗayan Postman's Park, wanda yake nan tun 1880, da bangonsa mai ɗauke da sunayen talakawan da suka rasa ransu wajen ceton wasu. Minti ashirin a ɗayansu kan sa in iya shiga jirgin ƙasa in kai gida da hankalina.

Baba, a kan hannun benci ina da magana, ka yi mini afuwa. Hannu a gefe, wannan naka ne, kuma daidai ne. Amma akwai wanda ake dasawa a tsakiya don kada kowa ya kwanta, da bencin da ake karkatarwa don kada a daɗe. Marasa matsuguni ake kora da su. Wata safiya jiri ya ɗebe ni a wani dandali, abin da nake buƙata kawai in miƙe na ɗan lokaci, babu benci ɗaya da ya ba ni dama. Wanda aka yi domin a kore shi ya saba, zai nemi wani lungun. Mai ciki da marar lafiya su ne ke rasa yadda za su yi.

Dattijo Mai Sanda:
Gaskiyarki 'yata. A yi mana iri biyu, wuri ba zai ƙi ɗauka ba.

Tsohon Mai Gadi:
Ni ta ɗaya ɓangaren na gani. Na yi gadin wani dogon bene mai ɗan fili a gabansa, da allo cewa na kowa ne. Amma umarnin da aka ba ni daban: wanda ya daɗe, ko kayan jikinsa ba su yi kama da na masu ofis ba, in je in tsaya a kansa har ya tashi. Akwai wani mai shara da ke zuwa ya huta da rana, bai taɓa damun kowa ba. Ranar da aka sa ni tayar da shi, har yau tana cikin raina. Kuma abin da na lura a shekarun da na yi, matsala ba ta zuwa lokacin da wuri ya cika. Tana zuwa ne a kusurwar da dogon shinge ya ɓoye, inda na kan titi ba ya hango ciki.

Ɗalibin Tsara Birane:
Malam, abin da ka faɗa yana da tarihi. A 1961 New York ta yi doka cewa mai gini zai samu izinin ƙara hawa in ya bar wa jama'a fili a ƙasa. Masu gini suka karɓi hawan, da yawa suka bar fili fayau ba wurin zama, sai a 1975 aka gyara dokar aka wajabta kujeru da bishiyoyi. Irin waɗannan filaye sun haura 500 a birnin. Ba kyauta mai ginin ya yi ba, an riga an biya shi da benen da ke samansa. Batun shinge kuma, Bryant Park, wani lambu a tsakiyar New York, ya yi ƙaurin suna da masu sayar da ƙwaya, da aka cire shingayen da ke kare gani, aka ƙara ƙofofi, aka zuba kujeru masu ɗaukuwa, aka sake buɗe shi a 1992, jama'a suka dawo.

Direban Tasi:
Ni dai ina da ƙorafi. A titin da nake jiran fasinja an ɗauke wurin ajiye mota biyu, aka shimfiɗa katako, aka sa tukwanen furanni da benci. Ban ƙi ba, ni ma ina son in fito daga mota in miƙe ƙafa. Amma daidai inda bas ke tsayawa aka yi shi, hayaƙi a fuska. Babu inuwa. Furannin suka bushe, shara ta taru, ga shi mun rasa wurin tsayawa kuma babu mai zama. Da an tambaye mu masu yini a titin, da mun nuna musu gefen da inuwa ke sauka bayan azahar.

Ɗalibin Tsara Birane:
Wannan salon daga San Francisco ya samo asali. A 2005 wasu masu zane suka biya kuɗin ajiye mota na awa biyu, suka shimfiɗa ciyawa, suka kawo benci da bishiya a tukunya. A 2010 birnin ya fara ba da izininsa a hukumance, kuma wanda ya nemi izinin shi ke ɗaukar nauyin kula da wurin. Naku da alama katakon aka kwaikwaya, aka bar sharaɗin.

Maƙwabciyar Lungu:
Malam direba, namu ma ya kusa zama haka. Wani kango ne tsakanin gine-gine biyu da ake zubar da shara, muka nemi izini muka share. Dashen bai yi wuya ba. Ban-ruwa ne ya kusa kayar da mu, don ƙaramar bishiya a cikin siminti tana son ruwa a kai a kai shekaru biyu na farko, kuma siminti da kwalta suna riƙe zafi har dare. Muka raba kwanaki, kowane gida da ranarsa, muka roƙi mai ginin da ke kusa ya bar mu ja tiyo daga famfonsa. Fitila ce ta rage mana. Da magariba ta yi mata ba sa shiga, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ya taɓa sa fitila mai aiki da hasken rana a wurin da gine-gine suka kare rana rabin yini, ya gaya mini ko batirin yana kaiwa asuba.