Musayar waƙa: kaka a kan Mambila

Ɗan Zazzau:
Salamu alaikum jama'a, ina Gembu yanzu haka, jiya muka leƙa dajin Ngel Nyaki ta wajen Yelwa, ga abin da ya fito, wanda ya isa ya amsa.

Na hau Mambila a lokacin kaka,
Hazo ya rufe kan duwatsu duka,
Ruwa bai ɗauke ba har yanzu haka,
Naman kaza na tsiro a gindin suri.

Gansakuka a reshe tana ta lilo,
Furen daji ja da fari abin kallo,
Gwaggon biri na nesa yana leƙo,
Bakano zo ka ga daji ka bar fahari.

Bakano:
Bazazzagi ka cika baki da zance,
Naman kaza da kaka ai ƙarya ce,
Tun tsakiyar damina ya gama ya ɓace,
In laimar kwaɗi ka dafa, sai kabari.

Maman Biyu:
Wayyo Allah, Bakano ka gama da shi hhhh, kai Kanawa ba dama wallahi

Ɗan Zazzau:
Mai Dala da ɗan Gwauron Dutse,
Ka zo Chappal Waddi ka gani ka rantse,
Mita 2,419, numfashi sai ya matse,
Nan ruwa har Oktoba yake, ba fari.

Malam Arulli:
Ku dakata. Ɗan Zazzau, ɗangonka na uku ka karanta shi da baki mu ji: mita dubu biyu da ɗari huɗu da sha tara, gaɓa 15 ke nan tun ba a zo kan numfashin ba. Sannan a baitinka na biyu ka haɗa lilo da kallo da leƙo, to leƙo ba lo ba ne, ƙaramin amsa-amo ya karye tun daga nan.

Suda:
Malam ka bar mutum ya sha iska don Allah, Bakano ma ai "ƙarya ce" ya liƙa don ya samu ce ɗinsa amma ka yi gum, ko don ɗan garinku ne?

Malam Arulli:
Ni ba Bakano ba ne. Kuma "ƙarya ce" ta zauna daidai, ka ƙirga.

Suda:
Na ƙirga, ɗingishi take. Ɗan Zazzau ka ci gaba, ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Ɗan Nguroje:
Bari in raba gardama tunda a nan aka haife ni. Maganar naman kaza Ɗan Zazzau ya fi gaskiya, daminarmu doguwa ce, lokacin da ku ke yankan gero mu ana zuba ruwa, kuma wanda yake fitowa kan suri mata na tsinta su yi miya, amma baƙo kar ya kuskura ya tsinka da kansa don akwai mai kisa. Sai dai Chappal Waddi tana can Gashaka Gumti bakin iyakar Kamaru, ba daga Gembu ake hango ta ba, kar ya ce mana ya hau. Kuma yawancin itatuwan da ke gefen hanya turare ne da aka shuka, zaiti muke ce masa, dajin asali sai a kwaruruka irin Ngel Nyaki ɗin.

Bakano:
Allah ya saka da alheri Ɗan Nguroje, ashe hawan ma na baki ne.

Ka tafi Taraba aron daji kana taƙama,
Falgore na nan, doka da maje sun yi sama,
Gawo na fid da ganye in ruwa ya gama,
Kufenanku mai sanƙo, ko ciyawa sai da ƙoƙari.

Maman Biyu:
Ni ma bari in jefa nawa, kar a yi min dariya, jiya ban samu caji ba

Kuna ta faɗa a kan duwatsu,
Ga tafasa ta yi fure rawaya a bayan gidansu,
Ƙuduji ya yi fure a dawa manoma na kukansu,
Ku ba ku san fure ba sai na hoto a gari.

Suda:
Maman Biyu gidan su wa kuma? hhh

Maman Biyu:
Gidan masu tambaya. Amsa-amo nake nema malam, ka bar ni.

Malam Arulli:
Hajiya ma'ana ta yi, ƙuduji kam kyan fure gare shi ga ɓarna, amma ɗango na farko gajere ne sauran kuma sun zarce, ba kari ɗaya aka hau ba.

Ɗan Zazzau:
Afuwan, sabis ne ya ɗauke tun la'asar. Bakano naka na nan tafe, Kufena ba a taɓa shi a kwana lafiya, amma bari in fara sallamar Malam.

Malam Arulli mai awon gaɓa da mudu,
Baitinka ɗaya muke jira tun watan huɗu,
In an ce rera sai ka tattara ka gudu,
Mai gyaran miyar wasu, taka babu gishiri.

Maman Biyu:
Kai! Yau kam na koma bayan Zazzau. In za ka sauko ka riƙo min ganyen shayin Kakara.

Bakano:
Maman Biyu da ganyen shayi aka saye ki?

Malam Arulli:
Wannan baitin ya fi na baya, na yarda. Amma ɗango na huɗu ya yi tsawo, a cire "wasu".