Kada ganin hadari ya sa ka yi wanka da kashi: ta hau kan masu zuba jari a sababbin kamfanoni?

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum jama'a. Jiya a shago muna hirar kamfanonin fasahar nan da ake zuba musu daloli tun ba su kawo ribar sisi ba, sai wani dattijo ya ce "kada ganin hadari ya sa ka yi wanka da kashi". Ni fahimtata, kar ka ɓata kanka yanzu don kana sa ran ruwa zai sauko ya wanke ka, hadari kan haɗu baƙi ƙirin kuma iska ta watsa shi. Nan take na tuna WeWork ta Amurka, farkon 2019 aka yi mata kuɗi dala biliyan 47, SoftBank na Japan na ta antaya mata jari, alhali sana'ar duka su kama hayar gini ta shekaru su yanka shi ofis-ofis su ba da haya. Da za su shiga kasuwar hannun jari aka buɗe littafinsu aka ga asara, aka fasa, 2023 suka karye. Ya kuke gani?

Malam Habu Gezawa:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, a yi hattara da karin maganar nan kar a hana mutane motsi da ita. Mu manoma muna yin binne, mu zuba gero a busasshiyar ƙasa ruwa bai sauka ba, wata shekara ya tsiro, wata shekara a yi ɗan yayyafi ya tsiro rana ta ƙone shi, ka sake neman iri. To wannan ma ai ganin hadari ne, amma wa ya taɓa cewa mai binne wanka da kashi yake? Iri ne na gaske ya sa a ƙasa ta gaske.

Ɗan Kurmi:
Gaskiya ne Baba, ban kalle ta ta nan ba.

Injiniya Bashir:
Malam ya kawo ta daidai wallahi. Amazon mai sayar da kaya ta intanet, 1994 aka kafa ta, ba ta rufe shekara da riba ba sai 2003, lokacin da kasuwar kamfanonin intanet ta rushe a 2000 hannun jarinta ya faɗi warwas, amma duk tsawon lokacin nan kaya na fita daga sito suna isa gidajen mutane. Haka Paystack ta Legas, yaran sun gina hanyar karɓar kuɗi da 'yan kasuwa ke aiki da ita kullum kafin Stripe, wata takwararta ta Amurka, ta saye ta a 2020 kan sama da dala miliyan 200. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne mai zuba kuɗi ba don ya yarda da kayan ba, sai don ya san wani zai saya a hannunsa da tsada gobe.

Maman Hanif:
Ni kuma ina ganin kar a haɗa da irin Theranos ta Amurka, wadda mai ita Elizabeth Holmes ta ce na'urarta na gwada cututtuka barkatai da ɗigon jini, kotu ta kama matar da zamba a 2022. Wannan ramin ƙarya ƙurarre ne, karin maganarsa daban. Wanka da kashi kai ne ka shafa wa kanka da hannunka. Ƙanena ya sayar da Keke Napep ɗinsa da yake ci da iyali ya zuba a wata manhaja da ta ce za ta ninka, har yau ina ganin makullin da ya rage a rataye a ƙusa, yanzu na wani yake ja yana kai balas kullum.

Malam Habu Gezawa:
Allah Ya mayar masa da alheri Hajiya. Shi kam bai bar ko tiya ɗaya a rumbu ba, mai binne kuwa ba ya juye irinsa duka.

Injiniya Bashir:
Amin. Amma Malam, shi Masayoshi Son mai SoftBank ai shi ne ya sa dala miliyan 20 a Alibaba, kamfanin cinikin intanet na China, a 2000 ta zame masa biliyoyi, kuma shi ne dai ya zuba a WeWork. Ranar da yake sa hannu a takarda, ta yaya za a gane wanne ne binne?