Fotin efoksi yana sandarewa kafin in gama fuska, hannu kuma yana sunkuyawa: ina gyaran yake?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum masu sana'a. Siffar ɗan dambe nake son fitarwa, tsayinta santimita 18, a tsayuwar fage: hannun garkuwa a miƙe gaba, hannun da aka ɗaure da zare a ja baya, gwiwoyi a ɗan durƙushe. Fotin da ke hannuna Milliput ne, wato fotin efoksi da ke zuwa sanduna biyu ana murza su tare, mai ruwan ɗorawa da toka-toka, fakiti biyu. Ƙashin ciki kuwa wayar ɗaurin rodi ce falle ɗaya.

Hannun da ke miƙe yana sunkuyowa ƙasa kafin fotin ya ƙame. A cinyar dama akwai wurin da ya kwana biyu bai yi tauri ba, farce yana shiga. Fuska kuma kafin in gyara hanci fotin ya fara ƙin jin allura, in na riƙe jikin don in juya shi sai zanen yatsuna ya fito a baya. Mene ne tsarin aikin daga farko, kuma wannan cinyar za ta gyaru?

Maisassaƙa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da cire tunanin laka daga ranka. Laka bushewa take yi, ruwa ya fita ta ƙame, in ka yayyafa mata ruwa ta jira ka. Efoksi ba ya bushewa. Sanduna biyun nan, ɗaya danƙo ne, ɗaya mai ƙamar da shi, kuma daga lokacin da suka haɗu agogo ya fara tafiya, ko a cikin ruwa ka jefa shi sai ya ƙame. Saboda haka duk aikin lissafin lokaci ne.

Cinyar nan ba za ta yi tauri ba ko ta shekara. Ko dai sandunan ba su zo daidai ba, ko murzar ba ta kai ba, sai wani ɓangare na danƙon bai sami abokin haɗuwa ba. Ka sa reza ka ƙwaƙule wurin har ka kai ga mai tauri, ka goge ramin da sifirit, ka karce shi, ka cike da sabon haɗi. In ka rufe mai laushin da sabo ba tare da ka cire shi ba, wurin zai riƙa dannuwa, fenti ya tsage a kansa.

Haɗi daidai wa daida ne. Ka ajiye sandunan gefe da gefe ka yanka su tare da wuƙa ɗaya, ko ka auna a ƙaramin sikeli irin na masu zinariya. In sandar ta daɗe a shago za ka ga ɗayar ta yi ɓawo mai duhu a waje; fere shi ka zubar kafin ka auna, don shi ne ke zama tsakuwa-tsakuwa a cikin aiki. Ka murza minti biyar cur: mulmula ya zama igiya, ninka, murɗa, sake mulmulawa. Kafin ka yarda da shi, yanka ƙwallon biyu ka duba cikinsa. In akwai jirwaye ko siriri ne, ci gaba da murza. Farin Milliput ya fi yaudara, domin sandunansa sun kusa zama launi ɗaya, ido ba ya gaya maka komai. A nan agogo za ka bi.

Batun lokaci. Masu yin Milliput suna cewa yana ƙamewa cikin awa uku zuwa huɗu a ɗakin da zafinsa yake digiri 20 zuwa 25. Ƙa'idar da ake bi ita ce duk ƙarin digiri goma yana kusan raba lokacin biyu. To ka duba ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu. Abin da Bature ke samun awa ɗaya da rabi yana sarrafawa, kai minti arba'in za ka samu, wataƙila ƙasa. Yi aikin fuska bayan asuba ko da dare, kuma kada ka haɗa abin da ya wuce girman ƙwayar gyaɗa biyu. Babban dunƙule yana ɗumama kansa da kansa, ya ƙara gudu. In dole ka haɗa da yawa, shimfiɗa shi kamar waina a kan tayil mai sanyi. Ragowar haɗi a naɗe a leda a sa a firiza, zai jira ka wasu awoyi. In ka fito da shi bar raɓar ta bushe tukuna.

Cikin wannan ɗan lokacin ma fotin yana sauya hali. Da farko yana da danƙo, lokacin manna shi ke nan a jikin waya. Bayan kamar rubu'in awa ya zama kamar tuwon da ya huce, a nan ake fitar da siffa. Daga ƙarshe ya yi ƙarfin cuku, lokacin jan layi mai kaifi da yanka gefen tufa. Wanda ya nemi zana gira a minti biyar na farko, fotin zai biyo allurarsa.

Zanen yatsu kuma maganinsa ɗaya: kada ka taɓa riƙe wurin da bai ƙame ba. Yau ƙafafu, gobe ƙirji, jibi baya.

Mai_Filaya:

Malam Maisassaƙa ya gama da haɗi, bari in ɗauki ƙashin ciki, don sunkuyon hannun nan laifin waya ne, ba na foti ba. Wayar ɗaurin rodi falle ɗaya ta yi siriri, tana tsatsa in ta sha ruwan gyara, sannan santsinta yana sa foti ya riƙa juyawa a kanta.

Nemi wayar alminiyam mai kaurin milimita 2. In babu, fere wayar wutar gida ta jan ƙarfe mai sanda ɗaya, wadda ake kira 2.5, kaurinta ya kusa milimita 1.8, ta isa. Ninka ta biyu, ka kama baki ɗaya a injin huda, ɗayan a filaya, ka murɗa a hankali. Murɗaɗɗiyar ta fi ƙarfi, kuma tsagin da ke jikinta shi foti ke kamawa.

Zana mutumin a takarda a miƙe, daidai girmansa, kafin ka yanka komai. Namiji yana kai tsayin kansa bakwai da rabi, wato a santimita 18 kai zai zama 2.4. Mararrabar ƙafafu tana rabin tsayi, wajen santimita 9 daga ƙasa. Gwiwar hannu tana daidai da ƙugu, wuyan hannu daidai da mararrabar. Faɗin kafaɗu kamar kai biyu, amma a waya ka rage milimita uku kowane gefe, don tsoka za ta hau. Auna a miƙe, sa alama a gaɓoɓi da alƙalamin maka, sannan ka lanƙwasa zuwa tsayuwar fage. Masu lanƙwasawa da ido ba tare da alama ba su ne ke ƙarewa da cinya ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Lanƙwasar kuma ta zama mai kusurwa, da filaya. In ta yi baka, hannu zai fito kamar mesa.

Bar santimita uku na waya a ƙarƙashin kowace dunduniya, huda katako, zura, manne. Katakon shi ne mariƙinka har ƙarshen aiki.

A ƙugu da ƙirji, inda wayoyi suka haɗu, a nan fotin gaggawa na masu gyaran famfo yake da amfani, wanda ke ƙamewa cikin minti biyar. Ba ya sassaƙuwa, amma yana kulle mahaɗa. Fotin masu gyaran jikin mota kuwa wani abu ne daban, ba efoksi ba ne, shafa shi ake yi ba mulmulawa ba.

Cike ƙirji da ciki da kai da takardar alminiyam, matse ta da filaya har ta yi tauri, ka bar wa foti milimita biyu zuwa uku. In ta yi sako-sako, fatar da ke kanta za ta fashe ranar da siffar ta faɗi. Hannuwa da sangalin ƙafa ba sa buƙatarta. Naɗe su da zaren ɗinki kawai. Da wannan cikon giram 80 zuwa 100 zai ishe ka, kuma fakitin Milliput giram 113 ne. Ba tare da ciko ba sai ka shiga na biyu.

Shafin foti na farko a kan waya siriri ne, mara kyau, a karce shi da allura a bar shi ya kwana. Shi ne ainihin ƙashin. Hannun garkuwa kuma ka tokare shi da tsinke daga katako har wannan shafin ya ƙame, daga nan ba ya motsi.

Sabon_Hannu:

Allah ya ƙara basira, yayyena. Saura biyu: da me zan jiƙa kayan aiki, ruwa ko man basilin? Kuma zan iya sa shi a rana don ya yi saurin ƙamewa?

Yar_Zane:

Malam Sabon_Hannu, ga Milliput ruwa ne, amma ɗan kaɗan. Tsoma burushi, goge a tsumma, sannan ka shafa. Muddin ka ga farin ruwa kamar kunu yana gangarowa, ka wuce gona da iri: saman zai yi laushi, in ya ƙame ya riƙa marmashewa a gefuna. Basilin na masu aiki da Green Stuff ne, wanda ke zuwa kamar kintinkiri shuɗi da rawaya, domin shi ruwa ba ya narkar da shi. Illar basilin ita ce duk inda ya zauna, sabon shafi ba ya kamawa, fenti ma haka. Sai an wanke da sabulun wanke-wanke da tsohon burushin haƙori, an bari ya bushe.

Rana kuwa, a'a, ba da farko ba. Zafi yana fara narkar da foti kafin ya ƙamar da shi, sai kumatu su zubo, layukan da ka ja su cike. Bari ya yi awa ɗaya a inuwa, sannan ka ba shi ɗumi mai sauƙi, kamar gwangwani da tsohon ƙwan fitila mai zafi a sama, kada ya wuce digiri 50 zuwa 60. Kuma ka kife masa roba in lokacin hunturu ne, don ƙurar da ta zauna a ɗanyen foti ta zauna ke nan.

Fuska ba a yin ta zama ɗaya, kuma ba a yin ta a jiki. Yi kan daban a bakin tsinke. Zaman farko ƙoƙon kai ne kawai: goshi, ramukan ido, muƙamuƙi, ƙarami da milimita ɗaya daga girman ƙarshe. Ragowar haɗin ka mulmula ƙwayoyin ido, milimita biyu da rabi, kamar ƙwayar gero, ka yi goma don ka zaɓi biyu masu kama. Zama na biyu ka dasa su, a tsakiyar tsayin kai, ba sama ba. Kusan kowane sabon hannu yana kai ido goshi. Tsakaninsu faɗin ido ɗaya. Sai sun kafu sannan ka ɗora fatar ido da siraran igiyoyi biyu, ta sama ta ɗan hau ta ƙasa a gefe. Hanci da leɓe zama na uku, kunnuwa da gashi na huɗu. Gashi da bakin burushi mai tauri ake dangwala shi, ko guntun soso. Duba fuskar a madubi bayan kowane zama, karkatar da ido ya saba da ita a nan take bayyana.

Ni dai ba na ganin ya kamata ka tsaya ga Milliput kaɗai. Yana da kyau ga tsoka, yana karɓar samfefa da magagari kamar katako, amma a siririn wuri kamar kunne da yatsa yana karyewa. Green Stuff yana lanƙwasawa bai karye ba, sai dai ba ya gogewa, samfefa yage shi take yi. In ana samu, haɗa kowanne daban har ya gama, sannan ka gauraya su rabi da rabi. Tafin hannun garkuwa a buɗe yake, don haka kowane yatsa yana son wayarsa ta rabin milimita. Yi tafin ya ƙame, sannan yatsu biyu-biyu.

Ɗan wando ko warki: shimfiɗa foti tsakanin leda biyu da aka barbaɗa wa hoda, murza da kwalba har ya kai milimita ɗaya, bar shi ya kai ƙarfin cuku, yanka, ɗora. Ninki yana tasowa daga inda tufa ta matse, wato ƙugu da mararraba, ba ko'ina ba.

Mai_Filaya:

Hajiya ta faɗi daidai. Ƙari a kan hannun ɗauri: kada ka wahalar da kanka da mulmula igiyar foti. Siffar nan kusan kashi ɗaya cikin goma ce ta mutum, don haka zaren auduga mai kaurin rabin milimita ya yi. Yi dunƙulen hannun da foti, ya ƙame, naɗa zaren daga wuyan hannu, ka ɗiga masa sufa gulu mai ruwa-ruwa ya tsotse. Layun damtse kuma a yanka su daga shimfiɗaɗɗen foti, murabba'i milimita huɗu, a manna bayan an gama goge hannun.

Guga da samfefa a jiƙe, lamba 240, sai 400, sai 600, bayan awa 24. Ƙurar efoksi ba ta shaƙa ba ce. In za ka goge a bushe sa takunkumi. Ɗanyensa kuma yana jawo ƙaiƙayi da ƙuraje ga wasu bayan an daɗe ana taɓawa, kuma in jiki ya fara ƙinsa ba ya dainawa. Murza da safar hannu ta robar naitiril, wanke hannu da sabulu ba da fetur ko sifirit ba, kuma kada ka lashi burushi don fitar masa da baki.

Kafin fenti, wanke siffar, fesa mata fentin shimfiɗa mai launin toka, wanda ake sawa kafin ainihin fenti, daga nisan santimita 20 zuwa 30, siriri sau biyu. Tokar za ta tona duk wani tsagi da mahaɗar shafi. Cike su da Milliput da aka dama da ruwa ya yi kauri kamar man shafawa, goge da lamba 600, sake fesawa, sannan fentin akirilik.