Alwala ɗaya sai na ƙarar da buta biyu, waswasi ne ko larura?

TelanTudunWada:
Slm 'yan uwa, don Allah masu ilimi a taimaka min. Ni tela ne a Tudun Wada ta Zariya, kusan wata biyar kenan abin nan ya sa ni gaba, in na tsuguna alwala sai na wanke fuska na zo hannu sai zuciyata ta ce anya ka kurkure baki kuwa, sai in koma farko, wani lokacin buta biyu ke ƙarewa ban tashi ba, ga sanyin hunturun nan da asuba yatsu kamar za su tsinke, ga mai ruwa kullum ƙara kuɗin jarka yake, har uwargida ta fara ɓoye min tata butar. In kuma na samu na tada kabbara sai in ji kamar iska ta fita ko kamar ɗigon fitsari, in sallame in je in duba wando in ga babu komai, kafin in dawo liman ya yi sallama. Jiya magariba haka ta wuce ni ina bakin rijiya.

Na tambayi wani dattijo a cikin birni wajen Kwarbai ya ce shakka tana warware alwala, wani ɗalibi kuma a Samaru ya ce ba ta warwarewa, to wanne zan kama? Sannan abokin aikina a shago ya ce wai irin wannan alamar tashin ƙiyama ce, gaskiya ne?

Almajirin_Zaure:
Wslm ɗan'uwa, Allah ya yaye maka. Su biyun duk ba su yi maka ƙarya ba, kai ne dai ina jin ba ka ba dattijon labarin ya cika ba. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, wanda ya tabbata ya yi alwala sannan ya yi shakka ko ta karye zai sake ta, haka ne, amma wannan hukuncin mai lafiya ne wanda sai jefi-jefi abin ke zo masa. Wanda shakka ke zo masa kullum ko da sau ɗaya ne a yini sunansa mustankahi, shi an ɗauke masa, ba zai kula ta ba. Sauran mazhabobi ukun kuwa tun farko sun ce yaƙini ba ya gushewa saboda shakka. Ka ga kenan a kanka kai duka hanyoyin sun haɗe wuri ɗaya.

Hadisin yana Bukhari da Muslim daga Abdullahi bin Zaid, an kai wa Annabi (SAW) kukan mutumin da yake jin kamar wani abu ya fita masa cikin sallah, ya ce kada ya juya har sai ya ji ƙara ko ya ji wari. To kai ka je ka duba ka ga babu komai, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, wace shaida kuma kake nema.

Haka in shakkar raka'a ce. Mai lafiya in ya rasa uku ya yi ko huɗu sai ya gina a kan uku ya ƙara ɗaya ya yi ba'adi, haka muka karanta a Ahalari, akwai kuma hadisin Abu Sa'id a Muslim da ya nuna sujadar kafin sallama kuma malamai da yawa da shi suke aiki, ba abin faɗa ba ne. Amma mai waswasi Ahalarin cewa ya yi ya watsar da waswasin, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kai, ya dai yi ba'adi.

Maman_Biyu:
Wlh ƙanena kamar labarina ka rubuta. Bayan haihuwata ta biyu na yi irinsa, ni nawa ma har da wanka, in shiga banɗaki sai yara sun gaji da buga ƙofa. Abin da ya taimake ni, malamarmu ta islamiyya ta sa na samo ƙaramin kofi na shan shayi, ta ce in cika shi sau biyu shi ne alwalata, in ya ƙare to ya ƙare, ba ƙari. Ta ce Annabi (SAW) da mudu ɗaya yake alwala, wanka kuma da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar, kuma ba mudun kasuwar Sabon Gari da ake auna masara ba, mudun Annabi cikin tafin hannu biyu ne na matsakaicin mutum. Ranar farko ina sallah zuciyata na ta ihu wai ba ni da tsarki, har kuka na yi a sujada, amma ban sake ba. Kafin wata guda abin ya yi sauƙi sosai.

Kuma in ka gama alwala ka ɗan yayyafa ruwa a gaban wandonka, in ka ji danshi ka ce ruwan ne, kada ka duba. Dubawar nan ita ke ciyar da shi.

Ɗan_Kusfa:
Ai zamanin ne ya zo ƙarshe malam, komai ya lalace, albarkar lokaci ma ta tafi, yanzu aka yi Juma'a ga wata ta zo. Dujal kawai ake jira.

Almajirin_Zaure:
Haba Ɗan_Kusfa, mutum na cikin damuwa ka ƙara masa da Dujal. Waswasi a sallah tun zamanin sahabbai akwai shi, Usman bin Abil As ya kai ƙara cewa shaiɗan na shiga tsakaninsa da sallarsa da karatunsa, Annabi (SAW) ya ce masa wannan shaiɗani ne sunansa Khinzab, in ya ji shi ya nemi tsarin Allah ya yi tofi ta hagu sau uku, ya ce ya yi kuma Allah ya tafiyar masa da shi, yana cikin Muslim. Manyan alamomi goma kuwa an lissafa su a hadisin Huzaifa bin Asid, hayaƙi da Dujal da dabba da fitowar rana daga yamma da saukowar Annabi Isa (AS) da Yajuju da Majuju da kisfewar ƙasa uku, gabas da yamma da tsibirin Larabawa, sai wutar da za ta fito daga Yaman ta kora mutane. Babu buta biyu a ciki. Wataƙila abokin naka hadisin Abdullahi bin Mugaffal ya jiyo a Abu Dawud, cewa za a samu wasu a al'ummar nan masu wuce iyaka a tsarki da addu'a, shi kuma gargaɗi ne kan ƙetare iyaka, ba sanarwar ranar tashi ba.

Nas_Samaru:
Ni ba malama ba ce ma'aikaciyar jinya ce, abu ɗaya zan ƙara. Yayana, ka bambance jin kamar fitsari ya fita da fitar gaske. In wata rana ka ga jiƙa da idonka, ko kana yawan fitsari da dare ga ƙishirwa, ko kana jin zafi wajen yi, je asibiti a gwada fitsari da suga, zaman keken ɗinki tun safe ana riƙe fitsari ma ba ya taimakawa. Shi waswasin kansa in ya kai yana hana mutum aiki da barci likitocin ƙwaƙwalwa sun san shi kuma ana maganinsa, zuwa wajensu ba hauka ba ne, ka haɗa da addu'ar. Hukuncin mai yoyon fitsari na gaske kuma daban ne, na bar wa malam.

Almajirin_Zaure:
Haka ne malama, salasul bauli, in yana cin rabin lokaci ko fiye a wajen Malikiyya ba ya karya alwala. Amma shi telanmu bai kai nan ba tunda wandonsa a bushe yake.

TelanTudunWada:
Ngd ƙwarai Allah ya saka da alheri. Yaya Maman_Biyu na gwada kofin da azahar, ya ƙare daidai ina gama ƙafar hagu, zuciyata ta ce diddige bai jiƙu ba, na ce oho na sa takalmi, na samu jam'i tun raka'ar farko. La'asar dai na ɗan ƙara rabin kofi ba zan ɓoye muku ba. Allah gafarta malam, tofin nan na hagu in ina cikin sahu akwai mutum a gefena ya zan yi da shi?