Injin yankan ƙarfe yana karkarwa yana barin zane a jikin aiki

Sabon Maƙeri: Assalamu alaikum. Na sayi ƙaramin injin milin na hannu, wato injin yanka da shafe ƙarfe, na ɗora shi a kan teburin katako a garejin gidana, amma duk lokacin da na shafe fuskar ƙarfe sai injin ya yi ta karkarwa, aikin kuma ya fito hawa-hawa kamar matakala. Ina matsalar take?

Tsohon Makaniki: Wa'alaikumus salam, ɗana. Fara da teburin, domin katako marar nauyi ba ya shanye girgiza. Ka samu tsayayyen teburin ƙarfe, ka ɗaure injin da kusoshi. Hawa-hawan kuwa alama ce cewa kan injin ya karkace. Ka ɗaura agogon awo, wato ma'auni mai allura da ke nuna ɗan bambancin tsawo, a bakin sandar da ke juyawa, ka zagaya da shi da hannu a kan teburin injin, ka riƙa gyara kan har bambancin hagu da dama ya ragu zuwa kusan milimita 0.02. Aikin yana cin haƙuri, ni kan kashe masa yamma guda.

Mai Walda: Malam, ka ɗan matse sukurorin da ke gefen hanyoyin da teburin injin ke zamewa a kai, kuma ka kulle duk ɓangaren da ba ka motsawa yayin yanka.

Tsohon Makaniki: Na manta batun mai. Giris yana kama ɓarɓashin ƙarfe da ƙurar hunturu, su haɗu su riƙa cin hanyoyin, saboda haka man hanya, wato man da aka yi don shafa wa waɗannan hanyoyin, mai lambar kauri ISO 68, ya fi dacewa. Ka share ɓarɓashin da buroshi, kada ka hura shi da iska.